Birkin Keke a Kudancin Kogin Kaduna: Abin Yi da Abin Bari

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa a titunan Kakuri, Barnawa, Narayi, Television da Sabon Tasha. Ma'aikacin da kuɗin mota ya gagara ya saya, ɗalibi ya saya, mai kai saƙo ya saya. Sai dai ba irin keken da ma'aikatan masaƙun Kakuri suka hau a zamanin KTL da UNTL ne ya dawo ba, wato baƙin Raleigh ko Phoenix mai birkin sanda. Na yanzu keke ne mai giya, mai ƙatuwar taya, wanda aka ƙera don hawa da gangara a cikin duwatsu, kuma da yawansu gwanjo ne, sun gama aiki a wata ƙasa kafin su iso mana.

Mai saye yakan duba fenti, ya ƙirga giya, ya danna sirdi, ya yi ciniki har muryarsa ta dushe. Birki kuwa, wanda ransa ya rataya a kansa, sai an kai gida ake tuna shi. Wannan sakaci ne, kuma a bakin kwalbati ko a ƙarƙashin mota ake biyan kuɗinsa.

Birki iri biyu za ka tarar a kasuwa: na roba mai matse rim, da na faifai. Matasa sun ɗauka na faifai ne kaɗai birki, dattawa kuma suna ganin na roba ya isa ko'ina. Duka biyun sun yi kuskure. Birkin da ya dace da kai shi ne wanda zai kama a hanyar da kake bi, a tsakiyar ruwan Agusta, kuma wanda kayansa da mai gyaransa suke kusa da kai. Ga sharuɗɗan. Sun shafi namiji da mace, babba da yaro.

YADDA KOWANNE KE AIKI

A birkin roba, hannun birki yana jan waya, wayar ta ja ƙarafa biyu, roba biyu su matse gefen rim. Wanda ya fi yawa a kekunan nan shi ne birkin V, wanda kamfanin Shimano na Japan ya fitar a 1996. Ba shi da nauyi, ba shi da tsada, kuma babu mai facin da bai san shi ba. Rauninsa ɗaya ne, amma babba: rim ɗin da yake matsewa shi ne ke shiga ruwa da taɓo a kowane juyi.

A birkin faifai, an ɗaura wani faifan ƙarfe a jikin hob, a tsakiyar wili, nesa da ƙasa. Faɗinsa yawanci milimita 160, 180 ko 203 ne. Takalman birki biyu ne ke matse shi. Wani da waya ake jan sa, wani da mai. Yana kamawa cikin ruwa, kuma ko rim ya ɗan lanƙwashe bai dame shi ba. Amma ba ya yafe ƙazanta, ba ya yafe jahilcin mai gyara.

Dukkansu aikin guda suke yi: suna mayar da gudu zafi. Matasan da suka fara tseren gangarowa daga dutse a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, a 1976, sun koyi wannan da wuri. Tsofaffin kekunansu masu birkin feda ne, zafin gangara kuma yakan ƙone giris ɗin da ke cikin hob, sai an sake cika shi bayan tsere. Duk wani ci gaba da aka samu a birkin keke daga lokacin, neman maganin abu uku ne: zafi, ruwa da taɓo. Mu a nan muna da ukun, ga ƙurar hunturu ta huɗu.

KAFIN KA MIƘA KUƊINKA

Abin yi

1. Ka fara da hanyarka, ba da keken ba. Idan zirga-zirgarka a kan kwalta take, daga Barnawa zuwa shataletalen Station, ko daga Makera zuwa Television, birkin V mai kyau ya ishe ka. Idan kuwa gidanka yana can cikin Kamazou, Unguwar Romi, Gonin Gora, Mahuta ko Maraban Rido, inda sai ka ratsa burji da jar ƙasa kafin ka ga kwalta, to na faifai ne naka. Kaduna na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba. Rabin shekara ke nan. Jar ƙasar nan idan ta jiƙe takan manne a taya, ta taru a tsakanin ƙarafan birkin roba har wili ya ƙi juyawa. Ka zaɓi birki don watan marka, ba don ranar da ka je kasuwa rana na haskawa ba.

2. Ka nemi mai gyara kafin ka nemi keke. Je wurin mai gyaran da ya fi kusa da gidanka, ka tambaye shi kai tsaye: Malam, ka taɓa gyara irin wannan birkin? Kana da takalminsa? Kana da mansa? Robar birkin V kusan duk iri ɗaya ce, ana samunta a rumfar mai faci. Takalman birkin faifai kuwa siffofinsu suna da yawa, na wannan ba ya shiga wancan. Idan sai ka haye gada ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko sai an aiko maka daga Legas, ka sani tun yanzu, kuma ka sayi biyu ka ajiye ɗaya.

3. Ka lissafa kayan da za ka ɗauka. Jarka mai lita 25 ta ruwa kilo 25 ce. Biyu kilo 50, ban da kai, ban da keken. Mai ɗaukar ruwa, buhun masara ko yaro zuwa makaranta yana buƙatar birki fiye da mai yawon motsa jiki. Nauyi idan ya ƙaru, nisan tsayawa ma ƙaruwa yake yi a hannun birki mai rauni.

4. Ka gwada a gaban mai sayarwa. Matsa kowane hannun birki da ƙarfi: kada ya kai ga taɓa kan keke. Riƙe na gaba ka tura keken: wilin baya ya ɗaga. Riƙe na baya ka tura: tayar ta ja ƙasa. Ɗaga kowane wili ka juya shi, ka sa ido a tsakanin roba da rim, ko tsakanin takalmi da faifai. Idan yana rawa, ka gani da idonka. Sannan ka hau, ka yi gudu kaɗan, ka tsaya. Mai sayarwar da ya hana ka gwaji ya riga ya ba ka amsa.

5. Ka tabbatar wane hannu ne na gaba. Kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. A Ingila da Japan, hannun dama ne birkin gaba. A Amurka da mafi yawan ƙasashen Turai, hagu ne. Wanda ya saba da ɗaya ya hau ɗayan, ya damƙe na gaba yana zaton na baya ne, ta kan keke zai wuntsila. Ka sa a mayar maka da shi yadda hannunka ya saba, tun ranar farko.

Abin bari

6. Kada ka sayi faifai don ganin ido. Akwai sababbin kekuna masu araha da aka liƙa musu faifai don su ja hankalin matasa: ƙarfen siriri, wayar na miƙewa, takalmin ba ya daidaituwa. Birkin V na kirki ya fi irin wannan nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, balle ta tsare rai.

7. Kada ka karɓi birkin mai da hannunsa ke lumewa. Idan ka matsa ka ji laushi, ko sai ka matsa sau biyu ko uku kafin ya kama, iska ta shiga ko mai ya zube. Idan ka ga danshin mai a jikin tiyo ko kusa da faifai, haka. Kada ka yarda da “ƙaramin gyara ne”. In ƙaramin ne, a gyara kafin ka biya.

8. Kada ka sa a yi walda don a mayar da keken roba mai faifai. Maƙeran Panteka gwanaye ne, babu musu, amma matsalar ba ta gwaninta ba ce. Birkin faifai yana ɗora dukkan ƙarfinsa a kan ƙafa ɗaya ta fok, can ƙasa kusa da hob. Fok ɗin da ba a ƙera shi don haka ba yana iya lanƙwashewa ko ya karye, kuma ranar da ka fi buƙatar birki zai yi hakan. Keken da ba a yi masa mazaunin faifai daga masana'anta ba, a bar shi da robarsa.

9. Kada ka haɗa birkin roba da rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli. Da zarar ya jiƙe, robar santsi kawai take yi a kansa. Rim ɗin alminiyam ya fi kamawa cikin ruwa. Idan ba ka iya bambancewa da ido, ka tafi da mayen ƙarfe: yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam.

IDAN KA ZAƁI BIRKIN ROBA

Abin yi

10. Ka sa a zaunar da robar daidai. Ta kwanta gaba ɗaya a gefen rim, tazarar milimita 1 zuwa 2 tsakaninsu idan an saki hannu. Idan ta hau sama tana goga taya, za ta yanke gefen tayar, ta fashe ba sallama. Idan ta sauko ƙasa, tana iya zamewa ta faɗa cikin sifok. Gaban robar ya ɗan riga bayanta taɓa rim, wannan ne ke hana ƙara.

11. Ka wanke rim duk ranar da ka shiga taɓo. Ruwa, sabulu da tsumma sun isa. Sannan ka duba fuskar robar, ka ƙwaƙule tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfen da suka nutse a ciki. Yashi da ruwa a tsakanin roba da rim kamar dutsen niƙa suke: kowace tsayawa da ka yi, rim ɗinka ake niƙawa. Baƙin ruwan da kake gani yana ɗiga daga wili bayan ruwan sama, alminiyam ɗin rim ne ke zuba.

12. Ka riƙa shafa gefen rim da yatsa. Sabo a miƙe yake. Idan ka ji ya yi kwari, ya cinye. Wasu suna da layi ko ɗan rami na alama, idan ya ɓace lokacin canji ya yi. Wannan shi ne haɗarin da mutane ba su sani ba: iskar taya kullum tana tura gefen rim waje, ranar da ya yi siriri sosai sai ya tsage gaba ɗaya, taya ta fashe, wili ya cije. A keken gwanjo, wannan ne abu na farko da za ka duba, domin ba ka san shekara nawa aka yi ana cin sa ba.

13. Ka kai wili a ɗaure sifok da zarar ya fara rawa. Ramukan titi da kwalbatoci suna lanƙwasa rim, kuma birkin roba ba ya aiki da karkataccen rim. Sifok ɗaya da ya tsinke, a sauya shi a ranar.

Abin bari

14. Kada ka kwance birki don yana goga. Wannan ita ce mummunar ɗabi'ar da ta fi yaɗuwa. Rim ya karkace, roba na taɓawa, sai a saki wayar ko a cire birkin gaba ɗaya, a ce ai ɗayan ya isa. Bai isa ba. Waya na tsinkewa, kuma ba ta sanarwa. Haka nan bayan an yi maka faci: mai faci yakan ɓalle wayar birkin V don ya fitar da wili. Kada ka hau sai ka ga an mayar da ita da idonka.

15. Kada ka bar roba ta cinye har ƙarfe ya bayyana. Tsage-tsagen da ke fuskarta su ne ma'auni, idan sun shafe a sauya biyun tare. Robar da ta daɗe a rana ta bushe ta yi tauri ita ma ta mutu, ko da kaurinta na nan. Kuma kada a yanka maka tsohuwar taya ko silifas a ce roba ce.

16. Kada a ɗaura maka wayar da ba ta birki ba. Wayar birki kaurinta kusan milimita 1.6 ne, ta giya kusan 1.2. Kada a musanya. Wayar da zare ɗaya ya tsinke a jikinta, ko ta yi tsatsa, a jefar da ita, ba a ƙulla ta. Hannun birki ma iri biyu ne: birkin V yana son mai jan waya da tsawo, tsohon samfuri yana son mai gajeren ja. Idan aka haɗa su ba daidai ba, ko hannun ya lume har kan keke, ko ya yi tauri ba ƙarfi.

IDAN KA ZAƁI BIRKIN FAIFAI

Abin yi

17. Ka fifita mai waya, sai in ka san wanda zai kula maka da mai mai. Na waya kowane mai gyara zai iya sauya wayarsa ya daidaita shi. Na mai ya fi ƙarfi, ya fi daɗin hannu, yana daidaita kansa yayin da takalmi ke cinyewa, amma fitar da iska daga cikinsa sai da kayan aiki na musamman da wanda ya koya.

18. Ka san man birkinka da sunansa. Iri biyu ne, kuma ba sa haɗuwa. Shimano, Tektro da Magura man minaral suke sha. Avid da da yawa daga cikin na SRAM kuwa man DOT suke sha, irin na mota. An rubuta a kan murfin da ke jikin hannun birki, ka karanta. Wanda ya zuba man birkin mota a cikin Shimano ya kashe robobin cikinsa: za su kumbura, birkin ya cije ko ya zubar. Baƙin mai, man keken ɗinki da man girki kuwa ba su da wuri a nan ko kaɗan.

19. Ka horar da sabon takalmi. Sabo ba ya kamawa sosai. Samu fili marar motoci, ka yi gudu matsakaici, ka matsa birki har ka kusa tsayawa, ka saki, ka maimaita sau 15 zuwa 20. Za ka ji ƙarfin yana ƙaruwa. Kada ranar farko ta sabon takalmi ta zama a cikin cunkoson Sabon Tasha.

20. Ka riƙa auna cinyewa. Takalmin da abin da ya rage a fuskarsa bai kai milimita 1 ba, lokacin canjinsa ya yi. Faifan Shimano sabo kaurinsa milimita 1.8 ne, idan ya sauko 1.5 ya gama aiki, kuma masana'antu sukan rubuta iyakar a jikin faifan. A damina ka duba kowane mako, domin jar ƙasa tana cin takalmi da sauri fiye da yadda kake zato.

21. Ka tabbatar wili ya ɗauru. Birkin faifai idan ya kama, yana ƙoƙarin fizgo wilin gaba daga cikin fok. Maƙullin wili mai lanƙwasawa da hannu dole ya rufu da ƙarfi har ya bar shaida a tafin hannunka. Kusoshi shida da ke riƙe da faifai ma a riƙa duba su, da makullin da ya dace da kansu, ba da sukudireba da guduma ba.

Abin bari

22. Kada mai ya taɓa faifai ko takalmi. Wannan ita ce babbar dokar birkin faifai, kuma ita aka fi karyawa. Yaron shago ya tsiyaya baƙin mai a sarƙa ya fantsama, mai wankin mota ya fesa abin ƙyalli, wani ya ji birki na kuka ya ɗiga masa mai don ya yi shiru. Takalmin birki yana shan mai, kuma abin da ya sha ba ya fitowa. Faifai a goge shi da sifirit da tsumma mai tsabta. Takalmin da ya sha mai a sauya shi, kada a ƙona shi a wuta a mayar. Ko yatsanka mai maiƙon ƙosai kada ya taɓa faifan.

23. Kada ka matsa hannun birkin mai alhali wili na waje. Takalman za su haɗe, faifai ya ƙi shiga. Idan za ka cire wili, ka cusa ninkakken kwali a tsakaninsu. Idan za a loda keken a but ɗin mota ko a bayan Keke Napep, ka tsaya a kai: kada a kwantar da shi ta gefen faifai, kada a ɗora masa buhu. Faifai siriri ne, ɗan danni ya ishe shi lanƙwashewa.

24. Kada ka taɓa faifai bayan gangara, yana ƙuna. Kuma kada ka bar yara su juya wili suna wasa kusa da shi. Ramukan faifai mai juyawa suna yanke yatsa.

25. Kada ka ƙara girman faifai da ka. Babban faifai ya fi ƙarfi, amma kowane fok yana da iyakar da aka ƙera shi ya ɗauka. Ga hanyoyinmu da mai matsakaicin nauyi, milimita 160 ko 180 ya wadatar.

A KAN HANYA

Abin yi

26. Ka yi amfani da birki biyu tare. Na gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, domin nauyi gaba yake komawa idan ana tsayawa. Tsoronsa da ake sa wa yara kuskure ne. A koya musu matsa shi a hankali, su ja jikinsu baya, su miƙe hannuwa. A kan yashi, burji ko taɓo kuwa, ka sassauta na gaba, ka rage gudu tun kafin kwana, ba a tsakiyarta ba.

27. Ka san lissafin gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkawa. Daga kilomita 15 a awa zuwa 30, ba ƙaramin ƙari ba ne. Cikin ruwa, mai birkin roba ya fara matsawa a hankali tun daga nesa, domin wili sai ya yi 'yan juye-juye kafin robar ta share ruwan ta kama. Bayan ka ratsa ruwan da ya kwanta a titi, ka gwada birkinka nan take.

28. Ka kula da hunturu kamar yadda kake kula da damina. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura na shiga rigar waya, birki ya yi nauyi ya ƙi komawa. A zare wayar a goge, in rigar ta tsage a sauya.

Abin bari

29. Kada ka riƙe birki tun daga saman gangara har ƙasa. Masu fita motsa jiki ta hanyar Kachia, su wuce Kujama su nufi duwatsun Kajuru, su ji wannan da kyau. Riƙo ba saki yana tara zafi. A birkin roba rim ya yi zafi ya taɓa tif, a na faifai takalmi ya daina kamawa ko mai ya tafasa hannu ya lume. Ka matsa da ƙarfi, ka saki, ka sake matsawa. Kuma kada ka fita wannan hanya kai kaɗai, kada ka fita ba ka tambayi halin tsaro ba.

30. Kada ka sa birki gasa da babbar mota. Hanyar Kachia hanyar tankokin mai ce, Command Junction da hanyar Abuja kuma na tireloli ne. Direban babbar mota ba ya ganin ka idan ka raɓe a gefensa. Mai Napep kuma yana tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Ka bar tazara, yatsu biyu su zauna a kan kowane hannun birki. Man dizal da ya zube a kwalta idan ruwa ya taɓa shi, babu birkin da zai cece ka, sai rage gudu.

31. Kada ka yi birki da ƙafa. Cusa silifas a bayan fok ko jan ƙafa a ƙasa ba dabara ba ce, shaida ce cewa keken bai cancanci hawa titi ba.

GA IYAYE, MASU SAYARWA DA MASU GYARA

Iyaye, yaron da kuka saya wa keke bai san rim ya cinye ba, ku ne za ku sani. Ku duba ko yatsunsa suna kaiwa ga hannun birki. Akwai ɗan kusa a jikin mafi yawansu da ake juyawa a matso da shi kusa. Kowane ƙarshen mako ku matsa birkin da hannunku. Keken da ba shi da birki biyu masu aiki, ku kulle shi a ɗaki, ko yaron zai yi kuka. Kukan yau ya fi na gobe sauƙi. Ku haɗa masa da hular kwano.

Masu sayarwa, ku ji tsoron Allah. Ɓoye aibin kaya haramun ne a Musulunci, zunubi ne a Kiristanci, balle aibin da ke kashe mutum. Idan birkin ya mutu, ku faɗa, ku rage kuɗin.

Masu gyara, abin da ba ku iya ba ku ce ba ku iya ba, ku tura mutum wurin wanda ya iya. Wannan ba ya rage muku daraja. Ku koya wa yaran shagonku su raba tsumman mai da tsumman birki, kuma kada keke ya bar rumfarku sai kun hau kun gwada shi da kanku. Wanda ya miƙa muku kekensa, amanar ransa ya ba ku.

HUKUNCI

Mai bin kwalta, mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke son gyara a ko'ina: birkin V a kan miƙaƙƙen rim ɗin alminiyam. Mai bin burji da taɓo, mai ɗaukar kaya, mai fita ko ana ruwa: birkin faifai mai waya, da takalmi na ajiya a gida. Mai hawan duwatsu da gangara mai tsawo, wanda ya san mai gyaransa kuma ya san mansa: birkin faifai mai mai. Duk wanda ka zaɓa a cikin ukun, ranar da ka daina kula da shi ya daina zama birki.

Kowace safiya, kafin ka ɗora ƙafa a feda, ka matsa hannu biyu ka tura keken gaba. Idan ɗaya bai kama ba, ka jingine shi ka tafi a ƙasa. Wanda ya makara wurin aiki zai ba da haƙuri a wuce wurin. Wanda birki ya ƙwace masa a gaban tanka ba shi da wannan damar.